Tokar Gwaggo a Bakin Ramin Ɓera

Jiya ina kwaɓa laka zan toshe ramin ɓera, sai na ga hannuna ya nufi murhu ya ɗebo toka. Nan take Gwaggo, yayar mahaifina, ta faɗo mini a rai.

Ita ba ta toshe rami da gaggawa. Takan barbaɗa toka a bakinsa, da safe ta durƙusa ta duba sawu, ta gane ko ɓeran ya fita.

Wata shekara na dawo Kurfi daga aikin gini a Dutsin-Ma, da ragowar siminti da girman kai. Na tarar da ita tana barbaɗa toka a ɗakin ajiyarta.

Na ce, "Gwaggo, toka ai aikin mutanen da ne."

Ta ce, "To, Malam magini, ka tambayi ɓerayen ko sun fita?"

Na yi dariya, na liƙe kowace kafa ta ɗakin ajiyarta, na ja ƙofa. Ashe na kulle su ne tare da irin waken da take adanawa tun mijinta yana da rai. Da ruwan shuka ya sauka muka buɗe, sai wari da ɓawo.

Ta daɗe tana juya ɓawon a tafin hannunta, sannan ta ce, "Aikinka ya yi kyau, ko iska ba ta shiga." Ta dama mini fura.

Waken nan bai sake tsirowa a gonarmu ba, kunya kuma ta hana ni neman gafararta har ta rasu. Allah Ya yafe mata kamar yadda ta yafe mini ban roƙa ba, Ya haskaka makwancinta.