Goggon Wanki da Rigar da Ba a Wanke ba

Kafin rana ta take, Goggon Wanki ta gama shanyar farko. Wanda ya taɓa zagayawa bayan asibitin nan ya san wurin: igiyoyi a jere, fararen zannuwan gado sun sauko har suna neman shan ƙasa, ba mutum ba magana, sai ɗigar ruwa. Wani lokaci ko ganye ba ya motsi, amma ka ga zane ɗaya yana rausaya shi kaɗai. Kada ka sheƙa da gudu, ita ce a bayansa tana gyara masa zama. Sai dai masu shara sun sha rantsuwa cewa sun ga zanen ya motsa alhali Goggo na can ciki tana guga. In an gaya mata, ko ɗago kai ba ta yi, sai ta ce, "To ku gaishe shi mana. Wanda ya kwanta a kansa jiya bai ci muku komai ba."

Haka bakinta yake, ba ya tsoron abin da kowa ke tsoro. Ta shigo ɗakin wankin nan da ƙuruciyarta, yau ga shi za ta ajiye aiki kai ya yi fari fat, yatsu sun tattare saboda ruwa da sabulu. Duk abin da jikin ɗan Adam ke zubarwa in ciwo ya kayar da shi, ta hannunta ya bi. Ma'aikata na kiranta Goggon Wanki. Masu jinya kuwa wani suna suka laƙaba mata a bayan idonta, wanda yau muke so mu cire mata shi a bainar jama'a. Suna ce mata Mai Rakiya.

Ga inda sunan ya samo asali. Da tsakar rana, in likitoci sun gama zagaye, an sallami 'yan dubiya, ɗakin marasa lafiya yakan yi tsit har ka ji numfashin na gadon ƙarshe. A daidai lokacin ake jiyo kukan tayar kekenta daga can ƙarshen baranda, ƙiii, ƙiii, tana turo wankakkun zannuwa. A saman kayan kullum akwai ɗan ƙunshi nata na kanta. Silifas ne don mai jinyar da ƙafarta ta kumbura, da mafici, da ɗan tawul, da man shafawa don leɓen da ya tsattsage, sai ƙaramin matashin kai da ta ɗinka da hannu, bai fi tafi biyu ba. Ba kowa take ba wa ba. Zanen gado ke gaya mata wanda ya daɗe a kwance da wanda wahala ta yi wa yawa, gadonsu take nufa. To gadon da aka daɗe a kansa shi ne sau da yawa ake wayar gari a tarar an naɗe katifarsa. Shi ke nan, masu baki suka ƙulla magana: duk gadon da Goggo ta tsaya, a fara neman likkafani. Ba ita ta kashe zomon ba, ko rataya ba a ba ta ba, amma da an ji kukan tayar nan sai ka ga mata suna ja wa marasa lafiyarsu mayafi har ka, suna juya fuska bango.

Abin da ya ƙara tayar wa mutane tsigar jiki shi ne roƙon da take yi. Ba ta ba da matashin tsirara. Sai ta sunkuyo ta ce a kawo mata tsohuwar riga ko zane daga gida, wanda jiki ya sha, kuma kada a wanke. Mai wanki tana cewa kada a wanke! Wa zai ɗauki riga mai gumin ɗan'uwansa ya miƙa wa baƙuwa, a ɗakin da ake mutuwa?

A gadon ƙarshe na ɗakin mata, jikin taga, an taɓa kwantar da wata tsohuwa da ciwo ya haɗu mata da ruɗewar tsufa. Autarta ce ke jinyarta, mace mai 'ya'yanta, ta baro su wurin maƙwabta. Tsohuwa ba ta san inda take ba. Da an sa mata ƙarin ruwa sai ta fizge allurar, jini ya yi ta tsartuwa, har dole ta sa aka ɗaure mata hannuwa da bandeji a ƙarfen gado, Auta ce ma ta riƙe ta aka ɗaure. Takan dubi 'yar da ta haifa ta ce, "Baiwar Allah, ko kin ga Autata? Ki ce ta zo ta kai ni gida." Likita kuwa bai ɓoye wa Auta komai ba, ya gaya mata lokaci ya ƙure.

Goggo ba ta taɓa ganin fuskar tsohuwar ba, zanenta ta gani. Jini ne a gefe biyu, daidai inda wuyan hannu ke gogar katifa. Ta daɗe tana kallonsa kafin ta jefa shi a ruwa. Da tsakar rana keken ya shigo, ya wuce gado bayan gado, kowa na sauke ajiyar zuciya in ya wuce nasa, har ya tsaya jikin taga.

Auta ta miƙe zumbur ta tare gadon da jikinta. Ta ce, "Goggo, don girman Allah ki wuce. Ba mu kira ki ba."

Goggo ta dubi ƙafafunta, ta ajiye silifas a ƙarƙashin kujera, ta ce, "Wannan naki ne, 'yata, ƙafar nan ta kusa fashewa. Mahaifinki yana raye?"

"Ya daɗe da rasuwa."

"Akwai rigarsa a gida? Ki kawo min. Kada ki wanke."

Rigar mamaci, a kawo wa Mai Rakiya! Auta ta ture silifas ɗin da ƙafa, ta tafi ta kai ƙara wurin babbar nas. Nas ta saurare ta tsaf, ta ce, "Ni ban taɓa ganin Goggo ta ba wa kowa abin sha ko abin shafawa a ɓoye ba. In ba kya so, ba dole. Amma uwata a kan matashinta ta warke, tana gida yanzu tana yi mana faɗa." Auta ba ta yarda ba. Goggo kuma maganar ƙarar ta iske ta a ɗakin wanki, ta yi mata ciwo ƙwarai, don duk taurin bakinta mutum ce. Ranar ta yi guga hawaye na ɗiga a kan zane.

Kashegari da hantsi Auta na goge wa uwarta fuska, sai tsohuwa ta kafa mata ido, ta ce da murya ƙarara kamar mai cikakken hankali, "Ke ce kika ɗaure ni. Na gane ki, muguwa. Allah ya isa tsakanina da ke."

Na gadon kusa suka shiga ba Auta baki, wai ai ciwo ne, ba ta san me take faɗa ba. Auta ta san da haka, amma bakin uwa bakin uwa ne. In tsohuwar nan ta cika da wannan kalma a bakinta, ina Auta za ta kai ta? Wa zai sauke mata? Ta bar wa maƙwabciyar gado amana, ta nufi gida. A can ƙasan akwatin uwarta ta tarar da rigar, a ninke cikin tsumma, wuyanta ya yi duhu da tsohon gumi.

Sai dai da ta iso bayan asibiti kunya ta kama ta. Yaya za ta miƙa wa mai wanki riga tana tsamin akwati? Ta ce bari dai ta ɗan ɗauraye wuyan. Ta tsuguna a bakin famfo, tsakiyar shanya, fararen zannuwa sun kewaye ta ta ko'ina, ta ɗauki sabulu. Sai zanen da ke gabanta ya kumburo da siffar mutum, hannu ya fito ta gefensa ya damƙe mata wuyan hannu.

"Ke! Ajiye sabulun nan!"

Saura kaɗan Auta ta shiɗe. Goggo ta fizge rigar ta rungume ta a ƙirji, tana haki. Ta ce, "Kin so ki kashe ubanki sau biyu? Ni aikina ke nan, 'yata, na san abin da sabulu ke ci. Duk abin da ke ɗakin can ni na wanke shi, ba abin da ke warin kowa. Idon uwarki ya manta ki, kunnenta ya manta ki. Hanci ne ba ya mantuwa da wuri." Nan ta zauna a kan bokiti, ta zare allura daga ɗankwalinta, ta lulluɓe matashin da rigar, ta sa wuyan a sama, ta ɗinke.

Suka shiga da tsakar rana. An ɗauke wuta, fanka ta tsaya, zafi ya danne ɗakin. Tsohuwa na ta fizge-fizge tana nishi. Goggo ta ɗaga mata kai a hankali ta tura matashin ƙarƙashin kumatunta, ta ja da baya.

Fizgar ta tsaya cak. Hancin tsohuwa ya buɗe, ya sake buɗewa. Sai ta juya ido wajen taga, inda ba kowa, ta yi murmushi irin na amarya, ta ɗan muskuta kamar mai ba wa wani wurin zama.

Ta ce, "Malam, kai ne? Ka daɗe. Zauna mana."

Masu jinyar da ke wurin har yau suna faɗa cewa labulen tagar ya ɗaga ya koma, alhali tagar a rufe take. Allah shi ne masani. Abin da ba wanda ya musa shi ne tsohuwa ta yi shiru tana saurare, tana gyaɗa kai, ta ce, "To. To, na ji." Sannan ta juyo ta dubi matar da ke tsaye a gefen gado.

"Auta? Babanki ya ce kin rame. Me ya same ki haka?"

Auta ta zube a ƙasa. Ta ce, "Inna, ni na riƙe ki aka ɗaure ki. Ki yafe min."

"Yafe me, 'yar nan? Na yafe miki duniya da lahira. Kwance min hannu in taɓa kanki."

Babbar nas da kanta ta warware bandejin. Tsohuwa ba ta ƙara taɓa allurar ba. Ta yi 'yan kwanakinta tana hira da 'yarta, wani lokaci da wancan na jikin taga, har ranar da ta cika, kumatu a kan rigar, hannu a kan Auta. Masu baki suka ce, "Ba mun faɗa ba?" Haba jama'a, ku ji tsoron Allah! Tsohuwar nan tafiya za ta yi ko da Goggo ko ba Goggo. Abin da Goggo ta hana shi ne ta tafi a ɗaure, da Allah ya isa a bakinta.

Goggo, ke ce kika wanke abin da 'yan'uwan jini suka toshe hanci a kansa. Ke ce kika lura da ƙafar mai jinya ranar da kowa ke kallon gado. An juya miki baya, an tofa addu'a bayan wucewarki kamar annoba, kashegari kin sake turo kekenki. Mai ba da abin da kanti ba ya sayarwa, sannu da aiki.

Bayan an share makoki Auta ta dawo godiya, silifas ɗin nan a ƙafarta. Goggo ta buɗe kabad za ta ɗauko mata kofi, sai Auta ta hango wani matashi a can lungu, lulluɓe da koɗaɗɗiyar rigar namiji. Ta tambaya na wane gado ne.

Goggo ta ce, "Nawa ne. Maigidana a ɗakin maza ya cika, tun kafin in fara aikin nan. Ba matashi, a kan hannuna ya yi jinyarsa. Rigarsa ke nan. Na ɗinka na ajiye don ranar da za a kawo ni gadon." Ta yi 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba. "Abu ɗaya ke damuna. Allah bai bar min ɗa ba, ban san wanda zai tuna ya ɗauko min ba."

Auta ba ta nemi izini ba. Ta miƙa hannu ta ɗauko matashin, ta naɗe shi a mayafinta, ta ce, "Kin haifa, Goggo. Matashin yana wurina."

Mun gode, Goggon Wanki. Allah ya huta gajiyarki, ya sa ki daɗe kina yi mana tsiya. Ku kuma masu zuwa dubiya, ku koyi wani abu. Kafin ku cika leda da lemon da mara lafiya ba zai iya haɗiya ba, ku dubi ƙafar mai jinya, ku tambaye ta yaushe rabonta da barci, ku zo wa na kwance da wani abu mai warin gida. Matashin Goggo na nan a ƙasan akwatin Auta, ba a wanke shi ba, ba kuma za a wanke ba. Duk mako Auta takan je ta gaishe ta. In Goggo ta hango ta daga nesa, hannunta take fara dubawa, sai ta ga ba ta riƙe da komai sannan ta ce, "Shigo, 'yata."