Kunnuwan Baba Katantanwa

Babanmu bakanike ne, amma bai taɓa gyara mota gaba ɗayanta ba. Abu ɗaya yake taɓawa a jikinta, wato tobo, wannan naɗaɗɗen ƙarfen da ke cusa wa inji iska don ya ƙara ƙarfi. Tobo kama take da katantanwa, daga nan sunansa ya fito. Duk layin garejin Baba Katantanwa ake ce masa, mu ma a makaranta 'ya'yan Katantanwa aka san mu.

Yana saurayi ya fara, a garejin manyan motoci, yana wanke kayan inji da kananzir. Maigidansa ya lura in an kawo tobon da ta lalace kowa zamewa yake, shi kuwa sai ya zauna a kan tsohuwar taya, ya kwance ta a tsanake, ya jera kayan cikinta a kan tsumma. Sai ya bar masa aikin. Bayan ya auri Mama ya kama nasa shagon, ɗan ƙarami, tsakanin mai faci da mai walda. Bencin ƙarfe ne a ciki, da kanta cike da gwangwanayen notuna, da injin daidaita farfelar tobo da ya sayo na hannu, wanda yake lulluɓewa da tsohon zanen Mama in zai tashi.

Da kunne yake aiki. Mota za ta shigo layi, kafin ta tsaya ya ce, "Wannan iska na zurare mata ta gefe," ko kuma, "Sandar wannan ta fara wasa." A gida ma ba mu tsira ba. Muna cin abinci zai kumbura kumatu ya yi mana kukan tobo mai lafiya, sannan ya yi na mai ciwo. Mama tana kan keken ɗinkinta za ta ce, "Malam, don Allah ka bar yaran nan su haɗiye loma." Ita mota ba ta dame ta ba. In tafiya ta kama dole, baya take zama, tana riƙe da kujerar gaba tana ce wa direba ba sauri ake ba.

Da na girma, samari masu ƙara wa motocinsu ƙarfi suka gano shagon. Suna zuwa da yamma, su zauna a kan gwangwanayen mai suna musu, kuma musun kusan ɗaya ne kullum: wace farfela ta fi, ta zubi ko ta sassaƙa? Farfelar ita ce ɗan ƙarfen da ke juyawa a bakin tobo yana zuƙo iska. Baba sai ya ɗauko guda biyu daga kanta ya ɗora a tafukansa. Ta zubi, ya ce, narkar da alminiyom ake yi a zuba a mazubi, fikafikanta da ɗan kauri, ita kamfani ke sa wa mota, kuma in ba a matsa mata ba sai ta tsufa tare da motar. Ta sassaƙa, wadda samarin ke kira bilet, daga dunƙulen ƙarfe guda inji ke fere ta. Ba ramin iska a cikinta, fikafikanta sirara, ba ta da nauyi, tana saurin tashi, tana jure matsi.

"To, Baba, wacce ta fi?"

"Ina za ka da motar?" Abin da yake tambaya ke nan. In kasuwa da gidan surukai ne, ya ce ka bar ta zubinka ta huta. In filin tsere ne, ya ce to, a yi maganar bilet, amma kada ka zaci ita kaɗai za ta mai da motarka jirgi.

A hankali jinsa ya fara raguwa. Shekarun da ya yi kusa da ƙarar injuna ne suka taru. Rediyo muka fara lura da shi, yana ƙure shi har maƙwabta su ji labarai a ɗakunansu. Sai kuma amsa. Ƙanena ya tambaye shi ina makullin ɗaki, ya ce ya ƙoshi. Muka yi dariya, shi ma ya taya mu. Mama ce kaɗai ba ta yi ba. Ta fara matsowa kusa in za ta yi masa magana, tana taɓa kafaɗarsa tukuna don ya juyo ya ga bakinta.

Cikin samarin akwai wani da ake ce wa Dogo, mai gidan burodi a bayan layin, wanda ya fi son jar motarsa da barcinsa. Ya sayo bilet, Baba ya daidaita ta a injinsa, ya ɗaura. Suka fita gwaji da hantsi a doguwar hanyar bayan masana'antu, inda ba kowa. Dogo ya taka, ya juyo yana murna.

"Baba, ka ji ta? Amma kamar akwai wani abu a ƙarƙashin kukan, ko kunnena ne?"

Baba ya ji motar ta manna masa baya da kujera, ya ga bakin Dogo yana motsi, amma kukan tobon bai iso shi ba ko kaɗan. Ya ce a juya. Da suka koma shago ya ce wa Dogo ya bar motar, kada ya taka ta sai ya neme shi.

Ranar ina gida. Ya shigo cin abincin rana, ya wanke hannu, ya zauna, ya sa cokali a shinkafa yana juya ta. Mama ta tsayar da keke.

"Malam, lafiya?"

"Aikin ya ƙare," ya ce, yana kallon kwano. "Yaron nan ya ce akwai wani abu a motar, ni ban ji komai ba. In na ce masa lafiya lau, ƙarya na yi. In na ce da matsala, ban san wacce ba."

Mama ta cire zaren da ke bakinta, ta naɗe rigar da take ɗinkawa, ta ɗauko mayafinta da takalmin fita.

"Ina zuwa?" ya ce.

Ta matso kusa da kunnensa. "Tashi mu je. Shekara nawa kana cika mini kunne da kukan abin nan? Ai ko ban so ba na haddace."

Na bi su har shago, don ban yarda da idona ba. Baba ya aika aka kira Dogo. Dogo ya ga Mama ta buɗe ƙofar gaba, ya rasa inda zai sa kansa. "Mama, motar nan fa tana gudu."

"Na sani, ɗan nan. Ka ja, kada ka yi mini surutu."

Ni da Baba muka zauna a baya. Ta ɗaura bel, ta kama hannun ƙofa da hannu biyu, ta rufe ido. Dogo ya taka. Ina jin ta tana salati ƙasa-ƙasa, can kuma sai ta yi tsit, ta karkata kai gefe kamar yadda take yi in keken ɗinkinta ya canza murya. A ƙarshen hanya ta ce a tsaya.

Ta juyo ta fuskanci Baba. "Akwai fito, siriri, mai tsabta. Amma in ya taka sosai, wani yana shigowa ta ƙasa."

Baba ya kumbura kumatu ya yi wani kuka mai karce-karce. Ta girgiza kai. Ya yi wani mai rawa. "Ba shi ba." Ya yi tunani, ya haɗa haƙora ya fitar da iska a hankali, sss.

"Shi ne!" ta ce, ta buga cinyarta. "Kamar dutsen guga in ya sha ruwa."

Baba ya fita ya buɗe gaban motar. Ya bi robar da ke kai iska inji da yatsunsa, yana matsawa, har ya iso wata 'yar tsaga a ƙarƙashi, kusa da maɗauri. Tsohuwar roba ce. Da farfelar zubi tana ɗaukar iskar lafiya, amma da bilet ta ƙaro matsi sai ta buɗe baki. Ya nuna wa Dogo, sannan ya zagayo wajen tagar Mama ya tsaya, hannunsa duk baƙin mai.

"Kada ka taɓa mini mayafi da wannan hannun," ta ce. Idonta ya kawo ruwa, ta ce iskar hanya ce.

Daga baya muka kai shi asibiti aka ba shi na'urar ji. Ta dawo masa da muryoyinmu, har ya rage rediyo. Amma kukan tobo, ya ce, a cikin na'urar duk ɗaya yake zuwar masa, kamar ana suya a ɗakin maƙwabci. Don haka in aiki mai wuya ya zo, sai ya leƙo gida. Mama ta yi mita, ta ce ɗinkin mutane na jiranta, sannan ta ɗauko mayafi. Samarin suka saba da ita, suka ajiye mata kujerar roba a ƙofar shago. Har ra'ayi ta yi. Ita ta zubi take so, wai muryarta ta fi nutsuwa, bilet kuwa kamar yarinyar da ta koyi fito jiya. Baba yana cewa ai ita tsoron gudu ne ke magana. Su yi ta yi a kan shayi, mu muna saurare.

Motar Dogo ce ta fi zuwa gwaji, don shi ba ya barin ta ta huta, yau ya canza wannan gobe wancan. Tun Mama tana riƙe ƙofa da hannu biyu, ta koma ɗaya, har wata rana Dogo ya rantse mini ita ce ta ce masa, "Ƙara kaɗan, ban ji sosai ba," alhali ta riga ta ji.

Bara matar Dogo ta haifi tagwaye. Ya sayar da jar motar, ya sayi wata babba mai ƙofar da ake ja gefe, wadda ba tobo a jikinta. Ya zo gida da kansa ya faɗa, da burodi mai zafi a leda. Baba ya sa masa albarka, ya ce ya yi hankali, iyali sun fi. Mama ma ta sa albarka, ta tambayi mai jego da yara, ta ce za ta ɗinka musu riguna iri ɗaya. Ta raka shi har ƙofa. Ina daga ciki na ji ta rage murya tana tambayarsa ko wanda ya sayi motar a nan kusa yake zaune.