Direban da Ya Koyi Zura Zare

Kafin ciwon ya zo, Jirgi yake kiran matarsa. Shi direban babbar mota ne, amma in suka fito tare, kafin ya kulle ƙofa ta kai bakin titi, tana waiwaye tana cewa, "Maigida, taya ce ta yi faci?" Tela ce. Shagonta ɗan ƙarami ne a gaban gida, keke ɗaya, madubi mai tsagewa a gefe, da bencin da ba ya rasa mai zama, don mata kan kawo ɗinki su shagala da barkwancinta har su manta abin da ya kawo su. In ya dawo daga doguwar tafiya, tun daga kwanar layi yake jiyo dariyarta.

Ba ta cika shekara arba'in ba dariyar ta fara ja da baya. Ko ya yi mata wasa, sai ta dube shi kawai, fuska a ɗaure. Ya zaci fushi take yi. Ya yi ta laluben laifinsa, ya sayo turare, ya ba da haƙuri a kan abin da bai sani ba.

"Wallahi dariya nake yi," ta ce masa wata rana. "Fuskar ce ta ƙi."

Sai hannun hagu ya fara rawa in ta ajiye shi a cinya. Likita ya sa ta yi 'yar tafiya a ofishinsa, ya lanƙwasa mata hannu, sannan ya ce ciwon Fakinsan ne, mai taɓa jijiyoyin motsi. An fi saninsa da tsofaffi, amma yakan riski mai sauran ƙuruciya. Magani zai sassauta shi, ba zai raba ta da shi ba. A hanyar gida, ita ce ta riƙa ba mijin baki.

Ya ajiye babbar mota, ya koma jigilar 'yan makaranta a cikin gari. Ya koyi ɓalla mata maɓalli. Ya koyi zura zare a allura da manyan yatsunsa, ido ɗaya a rufe, harshe a waje. Ɗaurin ɗankwali ne ya gagare shi.

"Kaina ne fa," takan ce, "ba kayan bayan mota ba."

Ba kullum ake wasa ba. Wata safiya ya makara, ita kuma ƙafafunta suka kafe a bakin ƙofar ɗaki, kamar an buga musu ƙusa.

"Ki ɗaga ƙafa mana!" ya daka mata tsawa.

"Da zan iya, da na riga ka fita," ta ce a hankali.

Ranar ya kasa haɗa ido da yaran da ya ɗauka. Da ya faɗa wa likita, sai likitan ya ce ya riƙa ba ta sauti tana bi. Tun daga nan in ta kafe sai ya tsaya a gabanta yana tafi, "Hagu, dama, hagu, dama," har ƙafar ta saki. Maƙwabta suka laƙaba masa Saja.

Yanzu babbar 'yarsu ce a kan keken. Uwar tana zaune a benci, muryarta ta yi ƙasa, sai an matso ake jin ta, amma ko yanka ya karkace da faɗin farce sai ta gani.

Ƙanwar matar ta ga mijin ya rame, ta ce, "Yaya, ranar Asabar ni zan zauna da ita, ka je ka huta." Da ranar ta zo ya sa sababbin kaya, ya tafi tsohuwar tasharsu. Rabin direbobin bai san su ba. Ya sha shayi, ya shafa jikin wata mota, ya rasa abin yi. Rana ba ta yi tsaka ba ya dawo.

"An ba ka hutu," matar ta ce, "ka dawo ka tsaya mini a ka?"

"Shayinsu ba daɗi," ya ce. Ya jawo kujera kusa da ita, ya tambayi ƙanwar ko an ba ta maganin rana.