Mahaucin da Ke Tsoron Tari

Ka taɓa ganin mai farfasa ƙashin shanu yana tsoron tari?

Ga shi can a rumfar mahauta, fuska a kumbure, baya a ranƙwafe. Ina tsaye ina ƙirga saransa. Duk sara ɓargo na fantsama, shi kuma yana cije leɓe. A na bakwai tari ya turnuƙe shi, ya yar da gatari, ya rungume haƙarƙarinsa.

Ƙanensa ya ce, "Yaya, ƙwayoyin asmar nan na shekara da shekaru sun rarake maka ƙashi. Tari ya riga ya karya maka haƙarƙari ɗaya, wani zai sake karyewa!"

"In na bar su, da hancinka zan yi numfashi? Miƙo gatarin."

Mahaucin ya karɓa, ya sake ɗagawa.

Gwada ka gani: yi tari a hankali kamar ƙirjinka ƙwai ne, sannan ka ɗaga gatari.