Famfon da Ari Bai Zaɓa Ba

Duk wanda ya daɗe yana shiga Kasuwar Shanu ta Potiskum ya san Ari Kaumi da tsohuwar motarsa mai bodin katako. Tirelolin alhazai su ne ke kwasar shanu zuwa Kudu. Shi Ari aikinsa na kusa ne: ya shiga ƙauyuka ya ɗauko wa makiyaya da ƙananan dillalai dabbobinsu, ya sauke su a kasuwa kafin rana ta yi zafi. A Yindiski yake zaune da matarsa Ramlat da 'ya'yansu. Bai taɓa mallakar wata mota ba sai wannan, kuma tun yana da baƙin gashi yake tuƙa ta.

Ari ba makaniki ba ne, amma ya san abin da direban ƙauye ya kamata ya sani. A bayan kujerarsa akwai sufanu, da gorar man birki, da 'yan robobi a ƙulle cikin tsumma. Kulocin motar da man birkin yake aiki: in ka taka, man ya bi siririn bututu ya sauka ga wani ƙaramin famfo da ke maƙale a jikin akwatin giya daga waje, shi kuma ya tura sanda ya raba giya da inji. In robar famfon ta ci, Ari kan shimfiɗa buhu a ƙasa, ya kwanta, ya kwance shi ya sa sabuwa, ya tashi ya karkaɗe riga. Shanu ko gajiya da tsayuwa ba su yi ba.

A farkon bazarar bara akwatin giyar ya gama aiki gaba ɗaya. Ari ya ja motar zuwa garejin Saleh, makanikinsa, wanda kuma abokinsa ne tun suna samari. Saleh ya nuna masa akwatuna biyu na gwanjo da za su hau motar. Ɗaya irin nasa ne, famfonsa a waje. Ɗayan ya fi sabunta, famfonsa a can ciki, ba a ganinsa sai an sauke akwatin.

"Na cikin ya fi laushin taki," in ji Saleh. "Laka ba ta taɓa shi, yashi ba ya shiga. Ga gwiwar nan taka da kake ta kuka da ita."

"Na ji. In ya tsiyaye a daji fa?"

"Sai a sauke akwatin."

"Wa zai sauke mini akwati a daji, Saleh? Ni da shanu? Sa mini na waje."

"Shi ke nan, na waje," Saleh ya ce, har ya ɗauki alli ya yi wa akwatin alama a gabansa.

A satin ne aka yi rasuwa a dangin Ramlat a Danchuwa, Ari ya tafi zaman makoki. Da ya dawo ya tarar an gama aiki, an wanke motar, an juyo da hancinta bakin titi. Ya hau ya taka kuloci ya ji shi laushi kamar ba na motarsa ba. Ya yi magana, Saleh ya ce ai komai sabo haka yake. Ari bai leƙa ƙasa ba. Mutum ba ya bin bayan aikin wanda suka ci tuwo a kwano ɗaya shekara da shekaru.

Motar ta yi 'yan makonni lafiya lau. Ranar wata Laraba, ranar kasuwa, Ari ya ɗauko shanun Aliyu, wani Bafulatani da ya daɗe yana ba shi lodi, daga wani ƙauye ta hanyar Fika. Suna cikin burji, kafin su hau kwalta, ya zo sauya giya a wani wuri mai yashi, ƙafarsa ta tafi har ƙasa ba abin da ya tare ta. Motar ta yi gurnani ta mutu.

"Kada ka damu, Aliyu, roba ce," ya ce. Ya ɗauko buhunsa da sufanu ya shiga ƙarƙashi.

Ya kai hannu inda famfon yake zama, ya shafa ƙarfe sumul. Ya shafa ɗaya gefen. Babu famfo, babu sanda. Bututu ne kawai ya shige cikin akwatin ya ɓace, man birki kuma yana ɗiga daga gindinsa. Aliyu ya ce Ari ya daɗe a kwance bai motsa ba, har shi Aliyun ya sunkuya ya tambaye shi ko lafiya.

Ari ya gwada duk dabarar da ya sani. Ya ƙara mai, man ya bi ƙasa. Ya sa giya ya murɗa makulli don motar ta zabura ta tashi da kanta, amma ga lodi ga yashi, batir ya gaza. Rana ta hau. Shanun na cunkushe, babu inda za a sauke su, don babu tudun da za a jingina motar. Kafin a samo motar da za ta ja su, wani bijimi ya durƙushe, sauran suka tattake shi. A nan bakin hanya Aliyu ya hau ya yanka shi don kada ya zama mushe. Sauran sun isa kasuwa da la'asar a galabaice, masu saye sun watse.

Aliyu bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Malam Ari, Allah ya kiyaye gaba." Ari ya ce da ya zage shi da ya fi masa sauƙi.

Washegari ya isa garejin Saleh, bai ko yi sallamar kirki ba.

"Ina akwatin da ka sa wa alli?"

Saleh ya goge hannu da tsumma. Ya ce wani alhaji mai motoci da yawa ya aiko yana neman irinsa da gaggawa, kuma ba a ce wa irin wannan a'a. "Ni kuwa na ga na cikin ya fi dacewa da kai. Don gwiwarka na yi, Ari."

"Gwiwata? Ta taɓa kawo maka ƙara? Ka tambaye ni, na ba ka amsa, ka ce to. Da ka kira ni ka ce an ɗauke, da na jira. Ka bar ni na shiga daji da dabbobin mutane ban san abin da ke ƙarƙashina ba!"

"Ai tsautsayi ne. Na wajen ma yana tsiyaya."

"Yana tsiyaya, in gyara shi a kwance a kan buhu! Kai ka san haka fiye da kowa."

Abin da ya fi ƙona wa Ari rai shi ne, har aka tashi Saleh bai ce ya yi laifi ba. Maganar ta kai gaban shugabannin makanikai. Suka ce laifin na Saleh ne, ya sauke akwatin ya nemo irin wanda aka zaɓa. Saleh ya amsa da baki, ya yi ta cewa gobe, jibi. Ari ya gaji, ya sa aka ja motar zuwa ƙofar gidansa. Nan ta kwana ta wuni har damina ta sauka, ciyawa ta fito a gindin tayoyinta. A kasuwa kuwa labari ya bazu cewa motar Ari ta tsufa, tana kashe shanu. Ba wanda ya ce makaniki ne ya yi ƙarya. Ramlat ta ce a watannin nan ko abinci sai ta yi da gaske yake ci, yana zaune yana kallon motar yana ƙwafa.

Sai bayan kaka ya sami akwati mai famfo a waje, daga wata mota da aka yanka ana sayar da kayanta a Azare. Wani makaniki daban ya ɗaura, Ari na tsugune a gefensa daga noti na farko har na ƙarshe.

Motar ta dawo hanya, amma lodin shanu bai dawo ba. Yanzu gero da wake yake ɗaukowa daga ƙauyuka, wani lokaci itace. Aliyu ya koma wa wani direba, ko da yake in sun haɗu yakan tsaya su gaisa sosai. Saleh ya aiko mutane sau da dama a kan a sasanta. Ari ya ce ƙofarsa a buɗe take, Saleh ya zo da kansa ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, ba tare da ya ambaci gwiwar kowa ba. Har yanzu bai zo ba.