Famau Lali Ya Sauko Daga Sandar Filafili

Famau Lali, mai ɗaura wa jiragen ruwan tsibirin Lamu filafili, wato zanen da iska ke tura jirgi da shi, ya ajiye aiki ranar Juma'ar da ta wuce a gaɓar ƙauyen Matondoni. Yatsunsa sun daina riƙe ƙulli. Abin da ya hana shi sukuni yanzu shi ne ko za a yarda da hannun da ya bar wa aikin.

Tun yana saurayi, da an idar da sallar asuba yake fita da wuƙa da damin kaba. Sai a sauke doguwar sandar da ke rataye a jigon jirgi, a shimfiɗa zanen filafilin a gefenta. Ɗauri biyu yake yi. Na farko da igiyar zaren kwakwa, ƙulli bayan ƙulli, daga gindin sanda har tsininta, shi ne ke riƙe zanen komai ƙarfin iska. Na biyu da siririyar kaba, bayan an naɗe filafilin. Wannan an yi shi ne don ya tsinke: fizga ɗaya daga ƙasa, zanen ya buɗe.

Mutanen Matondoni ba su manta da bikin ƙanwar Kombo Shee, matuƙin jirgi, ba. Za a kai amarya tsibirin Pate a jirginsa. Matan biki suka ga kaba ba ta dace da jirgin amarya ba, suka kwance ta, suka ɗaure naɗin da ƙyallayen zannuwa masu launi. Kombo ya gani, ya ce ya yi kyau. A tsakiyar mashigi inji ya mutu, ruwa ya fara jan jirgin zuwa duwatsu. Aka fizgi igiya don filafili ya buɗe, ƙyalle ya ƙi tsinkewa.

Waɗanda ke cikin jirgin sun ce Famau, wanda ya zo a matsayin ɗan biki, ya tuɓe farar rigarsa, ya ciji wuƙa, ya hau, ya bi sandar da rarrafe.

"Tsoho, sauko! Idan ka faɗo me zan faɗa wa iyalinka?" in ji Kombo.

"Ka ce musu ado ne ya ci ni. Riƙe akalar jirginka, sarkin kwalliya!"

Kafin ya kai tsini, 'yarsa Somoe, da lalle a hannunta, ta karɓi wuƙar yanka kifi ta fara yanke ƙyallayen ƙasa. Ta san wanda za ta yanka da wanda za ta bari, don a gaban mahaifinta ta tashi tana murza igiya. Filafilin ya buɗe, jirgin ya kauce. An kai amarya Pate lafiya.

Kai ne, Baba Famau, mai ƙullin da bai taɓa kunyata jirgi ba. Ba ka taɓa tuƙi ba, ba a rubuta sunanka a jikin kowane jirgi ba, amma shekara da shekaru masu kai itace da kifi sun fita da ɗaurinka, sun dawo sun iske 'ya'yansu. Lamu na godiya. Mai sana'a ya duba yadda ka kula da siririyar kaba kamar yadda ka kula da babbar igiya, ya yi koyi.

A wurin sallamar, ana shan gahawa da halawa, Famau ya miƙa wa Somoe wuƙarsa a gaban matuƙa.

"Baba, mace a kan sanda?" Kombo ya tambaya. "Kakanninmu ba su yi ba."

"Kakanninka ba su ɗaure filafili da zanen mata ba, amma kai ka yi."

Aka yi dariya, har da Kombo. Somoe ba ta yi ba. Ta ce, "Kawu, kawo filafilinka in ɗaura. Idan ƙulli ɗaya ya kwance, kada ka sake gaishe ni."

Matuƙan sun tashi ba su yanke shawarar ko za su ba ta aikin ba. Iskar kudu ta kusa farawa, kuma har zuwa jiya sabon filafilin Kombo yana ninke a rumfarsa, ba a ɗaura ba.