Irin Geron Baffa

Shekarar korona ban ɗinka kayan sallah ba. Ni tela ne a Batsari, kuma azumi shi ne kakar tela. A wannan shekarar kuwa, tun kafin a ga wata aka yi shela cewa an rufe kasuwa, an hana taron biki da na suna, har sallar Juma'a aka dakatar na wani lokaci. Motar ƙaramar hukuma tana zagaya gari da lasifika, ana cewa kowa ya zauna gidansa. Na yi 'yan kwanaki a shago ina kallon keke yana kallona, na ga zaman ba zai fisshe ni ba. Sai na ɗaure kan keken a bayan babur na tafi Karare wurin mahaifiyata. A can na koma ɗinka takunkumi da ragowar ƙyallaye ina rabawa, mutane kuma suna karɓa da godiya su saƙala shi a haɓa.

Da farko ba wanda ya ɗauki abin da zafi a ƙauye. Cewa ake yi ciwon masu hawa jirgi ne, mu namu ciwon yana daji ta wajen Ruma, ɗauke da bindiga. Amma da rediyo ya fara faɗin cewa masu kamuwa suna ƙaruwa, 'yan cirani kuma suka riƙa bugo waya daga Kano suna cewa tsofaffi na ta mutuwa, sai jikin kowa ya yi sanyi. Aka tara masu unguwanni aka gaya musu duk wanda ya dawo daga wani gari a sanar da ma'aikatan lafiya, musamman in yana tari.

Baffana, ƙanen mahaifina, ɗan cirani ne. Duk rani yana Kano yana tura baron rake, ba ya dawowa sai ya ga hadari ya fara haɗuwa. A shekarar an rufe hanyoyi, don haka ya sha wuya kafin ya iso: wani wuri a bayan motar albasa, wani wuri a babur ta hanyar daji, wani wuri a ƙafa. Ya shigo gari bayan sallah, a rame, ba tsaraba, sai tari mai ƙarfi da zazzaɓi. Mai unguwa ya yi abin da aka ce ya yi. Ma'aikatan lafiya suka zo daga Batsari a rufe ruf, suka zura masa tsinke mai auduga a hanci, suka ce shi da matarsa da 'ya'yansa kada wanda ya fita sai bayan mako biyu. Na ji haushin mai unguwa a lokacin, yanzu kuma ban ga laifinsa ba.

Unguwa ba ta yar da su ba, tsoronsu kawai take ji. Mata suka riƙa aika tuwo a ƙulle cikin leda, tunda kwanon da ya shiga gidan ba wadda za ta yarda ya dawo mata. Ruwa kuwa, matar Baffa ta fito da randa bakin zaure, duk wanda ya dawo daga rijiya ya tsiyaya mata daga nesa ba tare da ya taɓa ba. Gaisuwa ta koma ta bayan katanga. Mutum zai tsaya a tsakiyar hanya ya ɗaga murya yana tambayar jiki da iyali da gajiyar hanya, Baffa yana amsawa daga ciki yana tari, duk unguwa tana ji.

Mutum ɗaya ne ya mai da abin aikin yi. Taubashin Baffa ne, ɗan goggonsa, ya girme shi da 'yan shekaru, mu kuma Baba muke ce masa. Tun suna yara ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba tare da sun zazzagi juna ba, kamar yadda taubasai suka saba. Kullum da hantsi sai ya zo da buzunsa ya shimfiɗa ƙarƙashin dalbejiyar da ke tsallaken hanya, ya fara. Ya ce wasu in sun je birni sabulu da atamfa suke kawowa, wannan shi ga tsarabar da ya ga ta dace da mu. Baffa ya mayar masa daga bayan katanga cewa ko ciwon ma zaɓe yake yi, ba zai shiga jikin da ba a wankewa ba. Matar Baffa ta gaya mini daga baya cewa lokacin nan ne kaɗai yake tashi zaune.

Ana cikin haka ruwan shuka ya sauka. Da la'asar ya zo, ya yi kamar da bakin ƙwarya, har kwatami ya cika. Wanda bai yi noma ba zai ɗauka ruwa ruwa ne, amma a ƙasarmu mai yashi danshin farko ba ya jiran kowa. In ba ka shuka gero a kansa ba, ƙasa za ta bushe, kuma ba ka san ranar da wani zai zo ba. Rumbun Baffa ya kusa ƙarewa, cirani bai kawo komai ba. Gonar nan ita ce abincin gidansa na shekara mai zuwa, kuma ga shi a kulle.

Washegari ya ce fita zai yi, ai gona ba kasuwa ba ce. Mai unguwa ya zo ya tsaya daga nesa ya roƙe shi, ya ce in labari ya kai Batsari cewa ya fita, mota za a turo a ɗauke shi zuwa inda ake killace mutane a Katsina. A lokacin ba abin da mutane ke tsoro kamar wannan, don ana raɗe-raɗin wanda ya mutu a can ba a ba danginsa gawarsa. Ko gaskiya ne ko ƙarya ban sani ba, amma ya isa ya zaunar da Baffa.

Da a wata shekara ce, maganar ba ta da wuya. Gayya za a kira, a fito da sungumi, masu sara suna gaba masu zuba iri suna binsu, a sha fura, kafin azahar an gama. To gayya taro ce, taro kuma an hana. Aka tsaya ana ta juya magana a ƙofar masallaci, kowa na nesa da kowa, sai Baba ya dubi mai unguwa.

"An hana gayya, na ji. To an hana mutum ya bi ta gonar ɗan'uwansa in zai tahi tashi?"

Mai unguwa ya ce wannan kam ba a faɗa ba.

Haka aka shirya. Kowa ya je shi kaɗai, ko da ɗansa, a lokacin da ya samu, ya shuka abin da ya iya, ya kafa kara a inda ya tsaya don na bayansa ya ɗora. Ba kiɗa, ba fura, ba wanda zai jira wani.

Sai maganar iri ta taso. Baffa ya sa aka fito da ƙwarya cike da irin geronsa aka ajiye a bakin zaure. Wannan iri na kakanmu ne. Kowace kaka Baffa da kansa yake zaɓen zangarniyar da ta fi cika ya rataye a ɗakinsa, bai taɓa shuka na wani ba, kuma abin da ke cikin ƙwaryar nan shi ke nan abin da yake da shi. Amma iri da hannu ake shuka shi. Yini za ka yi kana tsoma hannu a ciki, ga shi a ɗakin mai tari ya kwana. Mutane suka riƙa zagaye ƙwaryar, kowa ya ce zai zo da nasa. Baffa yana ta faɗa ta bayan katanga, wai gara a bar gonar saura da a cika masa ita da tarkace. Kowa dai ya san ba zai iya cin saura ba.

Da gari ya waye aka ga ƙwaryar a kife, ba ko ƙwaya. Hantsi na yi Baba ya zo ya shimfiɗa buzunsa, ya ce shi ne ya juye wa jakinsa, don a gwada a gani: in jaki ya yi tari, an san maganar likitoci gaskiya ce. Mu da ke wurin muka yi dariya, don irin maganarsa ce. Daga bayan katanga ba a ce komai ba.  Baba ya zauna har rana ta iso inda yake, ya naɗe buzunsa ya tafi.

Ni da azahar na je, da irin mahaifiyata a ƙoƙo. Ban taɓa ganin shuka irin wannan ba. Gona fetal ba kowa, sai sawun ƙafafu iri-iri a kan yashi da ramukan da aka rufe. Ɓangaren gindin tsamiya, inda Fulani suka yi zaman rani da shanunsu, na tarar an riga an gama shi, da wasu layuka bayansa. Na nemo karan na ɗora daga nan. Hannun tela ba na sungumi ba ne, layukana suka riƙa karkacewa kamar ɗinkin ɗan koyo. Ina fita na hango wani maƙwabci yana tahowa da nasa sungumin, muka ɗaga wa juna hannu, kowa ya yi ta kansa. Kafin danshi ya gudu an rufe gonar.

Baffa ya warware, kwanakinsa suka cika, aka ce ya fita. Sakamakon gwajin bai zo ba sai da ya fara noman firi, aka ce lallai koronar ce ta kama shi. Ya ce to, Allah Ya tsare gaba, ya ci gaba da nomansa. Ya bi gida gida ya yi godiya, har ni da nake ɗansa sai da ya yi mini. Gidan Baba ne kawai bai je ba. In sun haɗu a hanya Baba ya jefa masa magana, sai ya amsa sallama ya wuce. Na ce masa, Baffa, ku yi haƙuri, wasa ne irin naku. Ya ce ya san wasa tun ba a haife ni ba, kuma wasa ba ya kaiwa ga iri. Na je wurin Baba na ce ya ba shi haƙuri, sai ya yi dariya ya ce in bar shi ya kumbura, zai sace da kansa.

Bai kai ga ganin haka ba. Ana tsakiyar noma zazzaɓi ya kama Baba, numfashi ya riƙa yi masa wuya, bai daɗe a kwance ba ya rasu. Ba a gwada shi ba, kamar yadda ba a gwada sauran tsofaffin da muka rasa a daminar ba. Mutane kaɗan ne suka yi masa sallah, aka ce kada a yi zaman makoki. Baffa ya je, ya tsaya a sahu, ya yi addu'a, ya koma gonarsa. Na ji zafin mutuwar, kuma na ji zafin Baffa da taurin kansa.

Gonar kuwa ta zama abin kallo. Wani wuri gero ya yi tsawo, wani wuri gajere, wani ya yi ciki wani ko alama. Wani bawan Allah ma ashe maiwa ya zuba bisa kuskure, tana nan kore shar ba ta da niyyar komai. Masu wucewa suna tsokanar Baffa cewa gonarsa ta zama kasuwa tunda an rufe ta Batsari. Amma ta yi kyau, kowa ya ga za a ci.

An buɗe kasuwa na koma shago. Wajen tsakiyar damina na zo duba mahaifiyata, Baffa ya ce in zo in ga aikina. Muka shiga gonar yana gaba ina biye, yana nuna mini: wannan irin gidan liman ne, wannan na maƙeri, wannan karkataccen ba sai an tambaya ba. Muka iso gindin tsamiya. Geron wurin bai daɗe da fitar da kai ba, zangarniya doguwa, kuma duk jikinta gashi ne tsaye, irin wanda tsuntsu ba ya iya sauka a kai. Babu irinsa a sauran gonar, babu kuma a gonar kowa a Karare.

Baffa ya tsaya. Ya kamo zangarniya ɗaya ya lanƙwaso ta, ya shafa gashin da babban yatsa, ya saki, ya kamo wata.

"Wa ya shuka nan?"

Na ce ban sani ba, ni dai a shuke na tarar da shi. Nan aka fara, tun kafin kowa ya fito.

 Baffa ya bi layin a hankali har ƙarshe, ya dawo ta na kusa da shi. Layukan a miƙe suke, rami kusa da rami, aikin wanda ya daɗe yana yi. Irin kakanmu ne, ƙwarya guda cur aka zuba a wurin, a inda ƙasa ta fi taki. Na tsaya ina lissafa yadda tsoho zai yi sara ya koma ya zuba iri shi kaɗai, hannunsa cikin geron da duk muka ƙi taɓawa, sannan ya je ya ɗauko buzu ya zauna yana maganar jaki.

Baffa ya zauna a kan saiwar tsamiya ya cire hularsa. Ya daɗe yana kallon geron. Da ya buɗe baki, ba da ni yake ba.

"Tsohon banza," ya ce. "Maƙaryaci. Kai da ko wanka ba ka yi."

Ya yi shiru daidai yadda ake yi in ana jiran amsa. Daga nan ya sa hular a fuskarsa, ni kuma na koma bakin gona na jira shi.